Na ba kajina maganin tsutsa sau biyu, me ya sa take dawowa?

Tambaya daga wata mai kiwon kaji a bayan gida: tana da kaji 14 da 'yan tsaki, da rana suna yawo a fili, da dare su kwana a akurki. Ta ga wata doguwar farar tsutsa a kashin ɗaya daga cikinsu, kajin sun rame, ƙwai ya ragu. Ta ba su maganin tsutsa mai suna fiferazin a ruwan sha, tsutsotsi suka fito, amma bayan wata 2 abin ya dawo. Ta sake ba su, ya sake dawowa. Tana so ta san ko maganin jabu ne, ko za a iya cin ƙwan, ko yaranta za su iya ɗauka. Ta kuma ce tana shirin ƙaro talo-talo ta haɗa da kajin.

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a kiwon. Da wuya a ce maganin jabu ne. Tunda kin ga tsutsotsi sun fito bayan kin ba su, to ya yi iya abin da zai iya. Abin da ya faru shi ne magani yana shiga cikin kaza ne kawai, ita kuwa tsutsa mafi yawan zuriyarta tana cikin ƙasar da kajinki suke tono kullum. Kin share cikin kaza, washegari ta fita ta sake tsinto ƙwan tsutsa a inda ta saba kiwo. Muddin ba a taɓa ƙasar nan ba, ba da magani zai zama kamar ɗiban ruwa da kwando.

Wadda kika gani, bisa yadda kika kwatanta ta, ita ce babbar tsutsar hanjin kaza, wadda likitoci ke kira Askaridiya. Fara ce mai kauri kamar tsinke, macen takan kai tsawon santimita 12, tana zaune a ƙaramin hanji. Tana zuba ƙwai masu ɗimbin yawa waɗanda ido ba ya gani, suna fita tare da kashi. A ranar da ƙwan ya fita ba ya iya cutar da kowa. Sai ya kwana 10 zuwa 20 a ƙasa mai danshi da ɗumi, ɗan tsutsa ya ginu a cikinsa, sannan ya zama haɗari. Kaza ta haɗiye shi tare da abinci ko ruwa, ya ƙyanƙyashe a cikinta, ɗan tsutsan ya kutsa cikin bangon hanji ya ɓuya na wasu makonni, daga baya ya fito ya girma. Daga haɗiye ƙwai zuwa ranar da sabuwar tsutsa za ta fara zuba nata ƙwan, mako 5 zuwa 8 ne. Ki lissafa da kanki: wata 2 ɗin da kika ambata ke nan daidai. Ba a banza abin yake dawowa a kan wannan lokaci ba.

Akwai kuma wani abu game da shi kansa fiferazin. Ba ya kashe tsutsa, sumar da ita yake yi, ta saki jiki, hanji ya turo ta waje. Kuma manya kaɗai yake kamawa. Ƙananan da suka ɓuya a bangon hanji ba ya kai gare su, shi ya sa in za a yi amfani da shi sai an maimaita bayan kamar mako 2. Ba ya kuma yin wani tasirin kirki a kan sauran ire-iren tsutsotsin kaza. Wannan ya kawo ni ga abin da nake so ki fahimta sosai: kazar da ke yawo a fili da wuya a same ta da tsutsa iri ɗaya tak. Na sha buɗe hanjin kaza in tarar da iri 3 ko 4 a tare, kuma wadda mai kajin ya gani da idonsa ba lallai ita ce ta fi yin ɓarna ba.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce tsutsar gashi, Kafilariya. Siririya ce kamar silin gashi, ko an buɗe hanji sai mai lura sosai yake ganin ta. Wasu ire-irenta suna zama a ƙaramin hanji, wasu a maƙoshi da jakar abincin da ke gindin wuyan kaza. Tana huda fatar ciki tana sa kumburi, kaza ta yi ta zawo, ta rame, zankonta ya koɗe ya yi fari-fari saboda ƙarancin jini. Kaɗan daga cikinta kan yi ɓarnar da babbar tsutsa mai yawa ba ta yi ba. Idan kajinki sun ci gaba da ramewa bayan manyan tsutsotsi sun fita, ita nake fara zargi.

Sai tsila. Ita lebur ce, jikinta gaɓa-gaɓa, tana maƙale kanta a bangon hanji, gaɓoɓin ƙarshe masu cike da ƙwai suna tsinkewa suna fita. Idan kika ga wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa suna motsi a kan sabon kashi, su ne. Wasu ire-irenta sukan kai santimita 25, wata kuma ba ta wuce milimita 4 ba, kuma ƙaramar ce ta fi cutarwa. Tsila ba ta wucewa daga kaza zuwa kaza kai tsaye. Dole sai wani ƙwaro ya ci ƙwanta, sannan kaza ta ci ƙwaron: tururuwa, buzuzu, ƙuda, tana, dodon koɗi, kowace tsila da nata ɗan aike. Ke nan mai fama da tsila yaƙinsa da ƙwari ne kafin ya zama da kaji.

Tsutsar maƙogwaro kuwa ja ce, tana zama a bututun iska, namiji da mace manne da juna kamar reshe mai baki biyu. 'Yan tsaki take kamawa galibi, ki ga ɗan tsako yana miƙa wuya yana buɗe baki kamar mai hamma, yana girgiza kai. Ina yi miki kashedi a nan, domin mutane da yawa da zarar sun ga kaza tana buɗe baki sai su ce tsutsa ce. Mafi yawan lokuta ba ita ba ce. Cututtukan numfashi sun fi ta yawa nesa ba kusa ba, kuma su suna zuwa da majina, kumburin fuska, ruwan ido, ko mutuwar kaji da yawa cikin 'yan kwanaki. Idan kika ga haka, maganin tsutsa ba zai yi komai ba, likita za ki nema da gaggawa. Akwai kuma tsutsar ido da kyankyaso ke kawowa a ƙasashe masu zafi, da wasu masu zama a ƙundu waɗanda fara ke kawowa, amma ba su kai waɗancan yawa ba.

Ta ƙarshe na ajiye ta ne saboda maganar talo-talo. Sunanta Heterakis, ƙarama ce, ba ta fi santimita 1 da rabi ba, tana zaune a wasu 'yan jakunkuna biyu da ke kusa da ƙarshen hanji. Ita kanta ba ta cika cutar da kaza ba. Amma a cikin ƙwanta akwai wata ƙwayar cuta da ke fakewa, mai suna Histomonas, wadda ke lalata hanta da waɗannan jakunkuna. Kaza takan ɗauke ta ta yi ta harkarta ba tare da wata alama ba. Talo-talo kuwa in ta kama shi sai ya yi laushi, ya riƙa kashi ruwan ɗorawa, ya mutu, kuma tana iya share garke ɗungurungum, musamman ƙanana. Ƙwan tsutsar yana kare wannan cuta a cikin ƙasa har shekaru. Shawarata a fili take: kada ki haɗa talo-talo da kaji, kada ma ki sa su a filin da kaji suka daɗe suna kiwo. In ba ki da wani wuri dabam da za ki ware musu, ki haƙura da su tukuna. Na ga mutanen da suka yi asarar talo-talo kaf cikin mako 2 ko 3 a kan wannan, kajinsu kuwa lafiya lau suna ta tono a gefe, abin ba daɗin gani.

To yaya za ki san wadda ke cikin kajinki? Hanya mafi sauƙi ita ce gwajin kashi. Da sassafe ki tattara sabon kashi daga ƙarƙashin inda suke kwana, na kaji dabam-dabam, ki haɗa har da wannan mai ruwan ƙasa mai danƙo da wari, domin shi ne ke fitowa daga jakunkunan da na ambata. Ki sa a leda mai tsabta, ki ajiye a wuri mai sanyi, ki kai wa likitan dabbobi a ranar. Zai kaɗa shi a ruwan gishiri mai kauri, ƙwan tsutsa ya taso sama, ya duba a madubin likita. Ƙwan tsutsar gashi ana gane shi nan take, domin yana da 'yar toshiya a kowane ɓangare. Gwajin yakan kuskure tsila, tunda ƙwanta yana fita ne a ƙunshe cikin gaɓoɓi, don haka ki riƙa duba kashi da idonki ma. Kuma idan wata ta mutu ko kika yanka, kada ki zubar da hanjin ba ki duba ba. Ki tsaga shi da almakashi daga farko har ƙarshe, ki ɗauraye a kwano mai duhu da ruwa kaɗan. Abin da za ki gani a minti 10 ya fi duk wani zato.

Ki kuma koyi taɓa kajinki. Gashi yana ɓoye rama. Ki ɗauki kaza ki shafa ƙashin ƙirjinta: in akwai tsoka cike a gefe da gefe, lafiya, in ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa, ta daɗe tana ramewa ba ki sani ba. Ki buɗe ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya ki duba ƙwarkwata da sauran ƙwarin fata, domin su ma suna shan jini su rage ƙwai. Idan kuma 'yan tsaki ne ke kashi da jini suna takurewa, wannan ya fi kama da koksidiya, wadda ba tsutsa ba ce, kuma maganinta dabam.

Game da magani, abin da na fi so ga mai kaji irin naki shi ne fenbendazol ko fulubendazol. Su suna kashe tsutsa ne ta hanyar hana ta cin abinci, shi ya sa ake ba da su kwanaki a jere, ba sha ɗaya ba. A Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai an amince da wani fenbendazol na zubawa a ruwan sha, miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin kaza, kullum har kwana 5, kuma a wannan ma'auni ba a hana cin ƙwan ba. Tsutsar gashi tana bukatar fiye da haka. A Ingila an fi sanin fulubendazol da ake gaurayawa a abinci har kwana 7, wanda ke kama babbar tsutsa, da ta gashi, da ta maƙogwaro, da Heterakis. Lebamizol ma yana aiki a kan waɗannan, sai dai tazarar da ke tsakanin ma'aunin da ke warkarwa da wanda ke sa guba ba ta da faɗi, ga shi a ƙasashe da yawa ba a yarda a ba kazar da ake cin ƙwanta ba. Tsila kuwa duk waɗannan ba su cika gamawa da ita ba, firazikwantel ne maganinta, kuma wannan sai da umarnin likita. Aibamektin da mutane ke yawan ɗigawa kaji ba abin dogaro ba ne a kan tsutsar cikinsu, kuma yana daɗewa a cikin ƙwai.

Yadda ake ba da maganin yana da muhimmanci kamar zaɓensa. Ki auna nauyin kaji kaɗan, manya da ƙanana, kada ki yi kirdado. A kwanakin magani ki kawar da duk wani ruwa, har da wanda ke kwanciya a bakin magudana ko a tsohon kwano, in ba haka ba za su guje wa mai maganin su sha wancan. Ki haɗa sabo kullum. Ki lura cewa maganin da aka yi domin awaki da tumaki yakan kwanta a gindin kwano in aka zuba shi a ruwa, sai kazar farko ta sha ruwa zalla, ta ƙarshe ta sha mai yawa. Kazar da ta yi laushi ba ta sha sosai, ita sai a ba ta a baki. Ki ba dukkan garken a lokaci guda, ki kuma cika kwanakin ko da kin ga sun warware, domin ba da rabin magani shi ke barin tsutsotsi masu taurin kai su rayu su hayayyafa. An riga an samu a gonakin talo-talo na Amurka tsutsar da fenbendazol ya daina kashewa. In kaji suna cikin zubar da gashi, ki jira su gama kafin ki ba su fenbendazol, domin yakan ɓata sabon gashin da ke fitowa. Bayan kwana 10 zuwa 14 da gama magani, ki sake kai kashi gwaji. Ta haka ne kaɗai za ki tabbatar ya yi aiki.

Za a ce miki tafarnuwa, ko barkono, ko ruwan tsami, ko toka. Ban raina masu faɗin haka ba, kuma wasu tsirrai suna da ɗan tasiri. Amma ba su isa su fitar da tsutsa daga kazar da ta riga ta rame ba, kuma kwanakin da za a ɓata ana gwada su 'yan tsaki ne ke biyan kuɗinsu da ransu.

Yanzu ga babban aikin, wato ƙasa. Ƙwan babbar tsutsa yana da ɓawo mai kauri. A inuwa mai danshi yakan rayu shekara guda ko fiye, kuma yawancin magungunan wanke-wanke da ake fesawa ba sa huda shi. Abin da ke kashe shi rana ce, da bushewa, da zafi mai tsanani. Saboda haka ki tsaya ki dubi gidanki da idon tsutsa: ina ne ke da inuwa kullum, ina ne ruwa ke tsiyaya, ina ne kashi ke taruwa? Galibi wurare 3 ne, wato ƙarƙashin inda suke kwana, da kewayen kwanon ruwa, da bakin ƙofar akurki inda suke cunkushewa da safe. A ranar ƙarshe ta magani ki kwashe duk shimfiɗar akurkin, ki kankare ƙasan, ki zuba tafasasshen ruwa in daɓen siminti ne, ki bar shi ya bushe ƙarau kafin ki zuba sabuwar shimfiɗa. Inda ƙasa ce zalla kuma ta daɗe tana shan kashi, ki sheme samanta da shebur ki fitar, ki zuba yashi ko tsakuwa. Ki sare ciyawa da rassan da ke hana rana sauka.

Ki tuna kwana 10 ɗin nan da ƙwan tsutsa ke bukata kafin ya zama haɗari, domin shi ne makaminki mafi araha. Idan kina kwashe kashi sau 2 a mako, mafi yawan ƙwan zai bar gidan tun bai nuna ba. Kashin da kika kwashe ki tara shi inda kaji ba sa kaiwa, ya yi zafi ya ruɓe sosai kafin a kai shi gona ko lambu. Ki daina watsa musu abinci a ƙasa, ki sa a mazubi, ki ɗaga shi da kwanon ruwa zuwa daidai bayan kaza don kada su taka ko su yi kashi a ciki. In filinki ya isa a raba shi biyu, ki raba, su yi wata 2 ko 3 a gefe ɗaya, ɗayan yana shan rana. In kuwa wurin ya yi wa kaji 14 kaɗan, rage yawansu ya fi kowane magani amfani, ko da yake na san wannan shawara ba ta da daɗin ji.

'Yan tsaki su ne abin tausayi a wannan lamari. Kazar da ta haura wata 3 takan samu ƙarfin jure tsutsa, ta ɗauki kaɗan ta rayu da ita ba tare da wata illa ba. Ɗan tsako ba shi da wannan ƙarfi, tsutsa kan tsayar da girmansa, wani lokaci ma ta cunkushe ta toshe masa hanji ya mutu. Ki reni ƙanana a wuri mai tsabta da manya ba su ɓata ba, ki ba su abinci mai gina jiki da ganye, domin ƙarancin bitamin A yana raunana fatar hanji ya buɗe wa tsutsa ƙofa. Duk sabuwar kazar da za ta shigo, ki ware ta mako 2 zuwa 4, a duba kashinta, a ba ta magani in da bukata, sannan ta shiga cikin sauran.

Kada ki sa wa ranki cewa sai kin wayi gari babu tsutsa ko ɗaya. Kazar da ke tono tana cin tana da ƙwari ba za ta rabu da ita ɗungum ba, tsuntsayen daji ma suna sauka su bar nasu. Abin da ake nema shi ne ta yi ƙaranci har ta kasa ramar da kaza ko rage ƙwai. Ni ba na goyon bayan ba da magani kowane wata ido rufe. Gwajin kashi sau 2 ko 3 a shekara, musamman bayan lokacin ruwa da danshi, sannan magani in an ga bukata, shi ya fi.

Maganar yara kuwa, ki kwantar da hankalinki. Tsutsotsin nan na tsuntsaye ne, ba sa rayuwa a cikin ɗan Adam, kuma macijin cikin da ke kama yara wani iri ne dabam duk da kamar da suke yi. Amma kashin kaji yana ɗauke da wasu ƙwayoyin cuta masu sa gudawa da zazzaɓi, don haka wanke hannu da sabulu bayan taɓa kaji ko akurki wajibi ne, kuma kada mai rarrafe ya yi wasa inda suke kashi.

Ƙwan kazar da ke da tsutsa ana cinsa, a dafa shi sosai kamar kullum. Jefi-jefi babbar tsutsa kan ɓace hanya ta hau bututun ƙwai, ɓawo ya rufe da ita a ciki. In kika fasa kika gani, ki zubar da wannan ƙwan, kuma ki ɗauka alama ce cewa tsutsa ta yi yawa a garken. Inda ake bukatar taka-tsantsan shi ne lokacin magani. Gwaiduwa tana ɗaukar kamar kwana 10 tana ginuwa a cikin kaza, saboda haka maganin da ta sha yau yana iya fitowa a ƙwan da za ta saka mako mai zuwa, kuma dafawa ba ta kawar da shi. Ki karanta takardar maganin: in an rubuta cewa na kaji masu ƙwai ne kuma babu kwanakin jira, ki ci. In an rubuta kwanaki, ki cika su, na ƙwai dabam na nama dabam. In kuwa maganin ba na kaji ba ne, ko ba a ambaci masu ƙwai ba, ki tambayi likitan da ya ba ki kwana nawa za ki jira, kuma ƙwan waɗannan kwanaki kada a ci, kada a sayar, kada a mayar wa kajin su ci.